Akwatin Likita

"Ku sauko! Kowa ya kwanta!"

Da rana tsaka, a kwanar gada, Oga, shugaban 'yan fashi, ya ɗora bakin bindiga a gilashin motar asibiti. Direba ya yi rub-da-ciki. Likita, wata dattijuwa, ta fito rungume da akwati.

Makaniki na kan babur, fuska a naɗe. Shi ya kawo wannan aikin. Rediyo ya ce an tara miliyoyi don yi wa yaran karkara arba'in tiyata kyauta, amma 'yarsa mai ƙari a ciki ba ta samu shiga ba. Baƙin ciki ya kai shi wurin Oga: a ba shi kasonsa, ya kai ta birni.

"Hajiya, miƙo kayan!" in ji Oga.

"Ɗana, babu ko sisi. Allurar barci ce, yara na jira."

"Ke, raina wa wani hankali!"

Ya fizge, ya ɓalle murfin. Ƙananan kwalabe, zare, auduga. Su a wautarsu, kuɗin taimako a akwati ake yawo da shi, kamar na fataken shanu.

Wayar Makaniki ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban Auta, kana ina? Wani yaro bai zo ba, an saka tamu! Tun asuba aka hana ta ko ruwa, Likita kawai muke jira."

Makaniki ya juya. "Oga, don Allah, bar akwatin—"

Ina! Oga ya riga ya maka shi da kwalta don haushi. Kwalabe suka tarwatse. Sai ga jiniyar 'yan sanda.

"Ta da mashin, mu fece!"

Makaniki ya ta da, amma gaban Likita ya tsaya. "Hau, Mama!"

Ta hau. Oga ya daka tsawa: "Ni za ka ci wa amana?" Tau! Harsashi ya yage masa kafaɗa. Bai waiwaya ba, ya bar Oga a ƙasa da 'yan sanda.

A ƙofar asibitin ƙauye aka buga masa ankwa. Yana ji Likita na ba iyaye haƙuri: babu allura, babu aiki, sai baɗi in da rabo. Yara arba'in, ya cuce su da hannunsa.

Auta ta matso riƙe da kofi.

"Baba, an ce in sha ruwa. Ke nan an gama mini aikin?"