Ranar Aikin Idon Abah

Ranar da Imas ta fara aiki a ofishinmu na Bandung, ta tsaya bayan kujerar Tatang, ta leƙa kwamfutarsa, ta kira shi Akang, wato yaya a yarenmu, ta ce, "Akang, a ina ka duba cewa wannan ya shiga?"

Ya waiwayo ya kalle ta, sai ya miƙe tsaye. Mutumin da ko gaisuwa sai an roƙe shi, ga shi yana miƙa mata kujerarsa. Mu da ke gefe muka haɗa ido.

Manhajar da wani asibitin ido ke ba marasa lafiya rana da ita muke yi. Tatang ke rubutawa, Imas ke farautar kuskure, kuma ba ta taɓa dawowa hannu rabbana ba. Kafin wata shida saƙonninsu sun bar maganar aiki. Shi kuma Neng yake ce mata, wato 'yammata.

"Neng, yau kuskure nawa kika samo mini?"

"Huɗu. Na biyar shi ne ba ka ci abincin rana ba, masoyina."

Mahaifinta, Abah Oman, manomi ne a Garut, kuma bai yi na'am da Tatang ba. Ya fi son Wawan, ɗan ƙanwarsa mai aikin gwamnati. Ya ce shi bai yarda da sana'ar da ba a iya taɓa ta da hannu ba.

Sai dama ta samu. An ba Abah ranar cire masa yanar ido, ta faɗo tsakiyar girbin shinkafa. Tatang ya yi caraf ya ce, "Abah, bar mini wannan." Ya nemi izinin asibiti, ya buɗe manhajar ta ciki, ya matsar da ranar da mako biyu. Ya sake kiran sunan Abah, sabuwar rana ta fito ɓaro-ɓaro. Ya rufe kwamfuta yana murmushi.

Abin da ya manta kuwa ko ɗan koyo ya san shi. Idan ka buɗe zama da rumbun bayanai, manhaja takan riƙe kwafin abin da ka ɗauko a hannunta. Ka sake tambaya a cikin wannan zaman, ba ta komawa rumbu, na hannunta take nuna maka. Tatang bai ba da umarnin adanawa ba. Da ya rufe zaman, aka saki kwafin, babu mai bibiyarsa, tsohuwar rana tana nan daram a rumbu.

Da sabuwar ranar ta zo, Abah ya yi awa uku a mota zuwa asibiti, cikinsa babu komai kamar yadda likita ya ce. Aka shaida masa ranarsa ta wuce tun mako biyu, layi kuma sai bayan wata uku.

Bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce wa 'yarsa, "Ya ce ya yi, bai yi ba. Haka zai ce miki ya yi." Wawan ne ya mayar da shi gida, yana tuƙi yana kaɗa kai.

Imas ta yi kuka, sannan ta yi abin da ta iya. Ta tono tarihin manhajar, ta ga inda Tatang ya canza ranar da inda ya rufe. Ta aika masa:

"Ba ƙarya ka yi ba, Akang. Kanka ka tambaya, kanka ya ce maka e. Zan nuna wa Abah."

"Kada ki nuna masa, Neng. Hujjata ba za ta buɗe masa ido ba."

Yana iya cusa sunan Abah a gaban na wani cikin minti ɗaya, bai yi ba. Kullum da safe sai ya je asibitin da ƙafarsa, ya zauna a benci yana jiran wani ya fasa zuwa. Ma'aikatan har sun fara ce masa ɗan gida. A rana ta tara gurbi ya samu. Ya karɓi takarda mai hatimi, ya hau babur har Garut, ya durƙusa ya sa ta a hannun Abah.

"Laifina ne, Abah. Ga wadda ake taɓawa."

Tsohon ya daɗe yana shafa hatimin da yatsa.

Ranar da aka kwance bandeji, Abah ya ƙyafta ido, ya ƙare wa saurayin da ke riƙe da takalmansa kallo.

"Ashe haka kake? Imas, wannan kika yi wa kuka?"

"Shi ne, Abah."

"To, muryarsa ta fi fuskarsa. Ka turo manyanka."

Tatang ya sauke numfashin da ya yi wata guda yana riƙe da shi. Mu ma a ofis muka huta, don mun gaji da kallonsa yana ramewa.

Aka ɗaura aure bayan salla, Wawan ma ya zo ya ci ya ƙoshi. Da malamin aure ya rubuta sunayensu a littafi ya ce an gama, sai Imas ta raɗa wa angonta, "A ina ka duba cewa ya shiga?"

Kafin ya buɗe baki, Abah ya jawo littafin gabansa. Ya karanta sunayen biyu da ƙarfi, harafi bayan harafi, ba tare da tabarau ba.

"Ya shiga," in ji shi. "Ni na gani da idona. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku tsufa tare."