Ɗan da Ya Maƙale a Wayar Auta

Magariba ce kamar kowace magariba. Tela ya dawo daga shago da guntayen zare a rigarsa, matarsa Umma tana kwashe shanya, ƙaramar 'yarsu Auta kuwa tana lungun bayan ɗakin girki tana ɗaukar kanta hoto. Yarinyar nan, in ka raba ta da waya ka raba ta da ranta. Tana ci tana latsawa. In za ta kwanta, sai ta jona ta da wata tsohuwar caja mai naɗin salatif, ta danne da matashi. Wayar har ta kumbura ta baya, murfin ya ɗage. Umma ta yi faɗa har bakinta ya gaji.

Fitilar hoton ta haska lungun, wal! Sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya sake faɗowa.

Tela ya leƙa waje yana zagin yaran unguwa, bai ga ko kaza ba.

Kwana biyu ana haka, duk faɗuwar rana. A na uku Umma ta ji kukan yaro, siriri, yana fitowa daga ɗakin Auta, alhali gidan babu jariri. Ta ɗaga labule. Auta na zaune a bakin gado, ido a kafe, wayar na caji a ƙarƙashin matashi, kukan kuma daga nan yake fitowa.

"Auta? Ke Auta!"

Yarinyar ta juyo a hankali. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce. "Ba ta nan."

Wallahi Umma ba ta san lokacin da ta kai ƙofar gida ba ɗankwali. Tela ya ruga ya ɗauko Malam, dattijon da ya koya masa karatu tun yana yaro.

Malam ya zauna a ƙasa, ya fara karatu ba gaggawa. Auta ta yi ta murɗewa, gumi na zuba, har ta saki ƙara.

Malam ya ce, "Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ɗana ta ɗauke. Yana wasa a lungu ta haske shi, ya maƙale a cikin hotonta. Kullum ta danne shi da matashi wuta na cinsa. Abin nan ya kusa fashewa. In ya fashe da ɗana a ciki, da ita zan tafi."

Tela ya fizge cajar, ya ɗauko wayar, ya kusa yar da ita don zafi. A kulle take da lambobi, kuma duk gidan Auta kaɗai ta san su.

"Kin ji dai," in ji Malam. "Sake ta ta buɗe."

"In na sake ta za ku kore ni, ku bar shi."

"Ba za a kore ki ba sai kin karɓi ɗanki. Ke kuma ki yi rantsuwa ba ke ba gidan nan."

Kukan nan sai ƙara shaƙewa yake yi. Can muryar tsohuwar ta rantse.

Auta ta ja dogon numfashi. "Umma, me ya faru?"

Umma ta miƙa mata wayar. "Buɗe, 'yar nan, buɗe kawai!"

Gilashin wayar ga tsaga ga gumi. Ta kuskure sau ɗaya. Ta kuskure sau biyu. Umma ta goge mata hannu da gefen zane, ta riƙe mata wuyan hannun. A na uku ta buɗu. Ga hoton, Auta na murmushi, a bayan kafaɗarta kuma wasu ƙananan idanu biyu. Malam ya yi bisimilla, Umma ta goge hoton.

Kukan ya ɗauke. Labule ya ɗaga shi kaɗai, ya sauka.

Malam ya ce a fitar da wayar maza. Tela ya kai ta tsakar gida ya ajiye kan yashi, bai gama juyowa ba ta yi fus, ta kama da wuta.

Da Umma ta zo gyara gadon, ta ɗaga matashin. Katifar ta ƙone baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu, daidai inda kumatun Auta ke kwanciya. Ta zauna a ƙasa ta rungume 'yarta, sai a lokacin kuka ya zo mata.