Tarihin Ajingi Daga Bayan Danga

"To ka auri rakodar taka mana!"

Hajara ta faɗa tana murguɗa baki, idonta fal ƙwalla.

Abdulsalam na tsaye gabanta a ƙofar gidansu. Ɗalibin tarihi ne daga Kano. Ya sauka Gaya yana neman masu labarin dā, aka ce ya wuce Ajingi wurin Malam Gwadabe. Wurin tsoho ya zo, sai 'yar tsohon, malamar firamare, ta kawo masa ruwa. Shi ke nan fa, bawan Allah ya kamu!

"Haba Hajo, sanyin idona... ƙara mini haƙuri. Ranar da na turo magabatana, Baffa ya zama surukina. Ina ni ina zama tabarma ɗaya da shi ina masa tambayoyi? Ko rabin labarin ba mu kai ba."

"Jiya Maiwada mai awon gyaɗa ya turo nasa. Ya kuma baza a gari wai kana cika kaset za ka hau mota."

"Me Baffa ya ce?"

"Ya tambaye ni ko ina da wani. In ce masa me? Ina da mai jiran tarihi ya ƙare?"

Ta shige gida. Wallahi tana son sa, kuma tsoro take kada ya zaɓi aikinsa.

Juma'a na zagayowa sai ga kawunnan Abdulsalam da goro!

Inna, mahaifiyar Hajara, ta ce sam, ba ta ba baƙon da ba a san asalinsa ba. Malam Gwadabe ya ce, "Wanda ya baro birni don jin asalin wasu, ai ya san darajar nasa."

Aka ɗaura aure, Maiwada ya koma kan buhunansa.

Amma kunya ta rufe bakin tarihi. Daga nesa Abdulsalam ke cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida suruki, ya tashi sum-sum. Aikin makarantarsa ya tsaya cak. Bai taɓa ƙorafi ba, abin da ya fi damun Hajara ke nan.

Rannan sun je gaisuwa suna zaune a tsakar gida, sai aka yi gyaran murya a bayan danga.

"Hajara! Da ke nake magana fa, ba da kowa ba. Mutanen da suka fara haƙa rijiyar unguwarmu..."

Ta zunguri mijinta, dariya na cin ta.

Ya matso da sauri, ya yi mata raɗa: "Masoyiya, tambaye shi daga ina suka taso."

Kafin ta buɗe baki tsoho ya katse ta.

"Ki ce wa mai raɗar nan ya ɗaga murya, kunnena ya tsufa!"