Auta Mai Kwano Biyu

A wani gida mai benaye, can a hawa na sama, akwai wata yarinya da kowa ke kira Auta. Auta ba ta da aiki sai kallon sama. In aka aike ta sayen gishiri, sai ta tsaya a hanya tana kallon gajimare. Wannan ya yi kama da raƙumi, wancan ya yi kama da butar shayi. Kafin ta dawo, miya ta kama.

"Auta, jikinki ne kawai a gidan nan," in ji Mama. "Hankalinki yana can wajen tsuntsaye."

Mama tela ce. Keken ɗinkinta yana bakin taga, ga ƙyallaye a ƙasa kala-kala, ga dogon madubi a jingine da bango. Baba direban bas ne, da sassafe yake fita. Sai Yaya, wadda ta girmi Auta da 'yan shekaru. Yaya ce mai dariyar gidan. In ta ƙyalƙyale, har mai burodin da ke hawa na ƙasa sai ya leƙo.

Wata rana Gwaggo ta kawo ziyara. Ta tarar Mama na gwada wa Yaya sabuwar riga a gaban madubi.

"Kai!" in ji Gwaggo. "Yarinyar nan, yadi nawa za ki cinye wa uwarki? Ki rage loma, kada ƙofa ta gagare ki!"

Aka yi dariya, har da Auta. Yaya ma ta yi ɗan murmushi. Amma ta cire rigar, ta ninke ta, ba ta sake sa ta ba.

Kullum da rana Mama kan zuba wa 'yan matan abinci, kowa da kwanonta. Ita tana kan keke, su kuma su hau can saman bene inda ake shanya. A nan suke zama tsakanin zannuwan gado, iska na kaɗa su kamar fukafukai.

Rannan Yaya ta turo kwanonta gaban Auta.

"Cinye. Na ƙoshi."

"Me kika ci?"

"Na ci a makaranta."

Shinkafa ce da wake, ga dafaffen ƙwai a kai. Auta kuwa ba ta wasa da ƙwai. Ta cinye nata, ta cinye na Yaya.

Washegari ma haka. Da Auta ta ɗauki kwanonin za ta sauka, sai Yaya ta riƙo hannunta.

"Kada ki gaya wa Mama. Sirrinmu ne, ni da ke. Kin yi alkawari?"

Auta ta ji daɗi har cikin ranta. Yau ita ce Yaya ke ba sirri, kamar wata babba!

"Na yi alkawari," ta ce.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Yaya ta fara sa rigar sanyi ana tsananin zafi. In ta taje kai, gashi ya cika matajin. In suna hawa bene, sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Takan daɗe a gaban madubin Mama, fuskarta a ɗaure. Dariyar nan kuwa ta ɓace.

Mama ta lura. Wani yammaci tana rage wa Yaya kayan makaranta, sai ta tsayar da keke.

"Auta, zo nan. Yayarki tana cin abinci kuwa?"

Auta ta matso. Ta tuna da alkawari. Ta tuna da ƙwai.

"Tana ci, Mama. Ba ga kwanonta ba? Tas!"

Mama ta dubi kwanon. "To, ƙila tsawo ne take yi," ta ce, ta ci gaba da taka keke.

Washegari a aji, bayan hutun tara, barci ya sace Auta a kan benci. Ta yi mafarki ga su a saman bene. Yaya ta zama marar nauyi kamar ɗankwali. Iska ta ɗaga ta a hankali, ta wuce igiyar shanya, ta wuce rufin gidaje. Wani siririn zare ne kawai a ƙafarta, bakinsa a hannun Auta. Auta ta so ta ƙwala wa Mama kira, amma bakinta cike yake da shinkafa. Zaren na ta sulɓewa daga yatsunta.

"Auta! Auta!"

Malama ce a tsaye a kanta. Sauran yara sun fita.

"Me ya sa ki kuka cikin barci?"

"Ba komai, Malama. Alkawari na yi, ba zan faɗa ba."

Malama ta zauna kusa da ita. "Sirri iri biyu ne, 'yata. Akwai mai daɗi, kamar kyautar da ake ɓoye wa mutum kafin a ba shi. Akwai kuma wanda ke hana ki sukuni. In sirri yana cutar da wani, faɗa wa babba ba cin amana ba ne."

Auta ta sunkuyar da kai. A ranta ta ce, gobe zan faɗa.

Da suka koma gida, Mama ta ba su wanki su shanya. Suka hau sama. Rana ta take, sama fes. Yaya ta ɗaga hannu za ta rataya zanen gado. Sai ta yi tangaɗi, ta riƙe zanen, ta zube ƙasa da shi.

"Yaya! Yaya, tashi!"

Yaya ba ta motsa ba.

Auta ta kurma ihun da ba ta taɓa yin irinsa ba. Ƙofofi suka buɗe. Mama ta hauro ba ko takalmi. Maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya ta biyo ta. Mai burodi ya hauro da gari a hannuwansa, ya sungumi Yaya, suka yi ƙasa da gudu.

A asibiti aka kwantar da Yaya, aka sa mata ƙarin ruwa. Baba ya iso da kayan aiki a jikinsa. Da Yaya ta buɗe ido, likita ta tambayi Mama.

"Ya cin abincinta yake?"

"Tana ci, likita. Kullum kwanonta babu komai yake dawowa."

Yaya ta kafe Auta da ido. Auta ta matso kusa da gadon. Ta dubi hannun Yaya a kan gado, siriri kamar kara.

"Ni nake cinyewa," ta ce. "An daɗe. Mama, ƙarya na yi miki."

Yaya ta juya fuskarta bango.

"Kin ci amanata," ta ce. "Kada ki ƙara yi mini magana."

Likita ta fita da Mama da Baba da Auta waje. Baba ya rasa gane kan zancen.

"Likita, abinci ne fa kawai. Ga shi a gida. Ta buɗe baki ta ci mana!"

"Da haka ne, da abin ya zo da sauƙi," in ji likita. "Wannan ciwo ne, ba taurin kai ba ne, ba kuma iyayi ba. Yana sa mutum tsoron abinci. Yana raɗa masa ƙarya game da jikinsa, har ya yarda. Yana kama mata, yana kama maza. Faɗa ba ya korar sa."

"Zai warke?" Mama ta tambaya, hawaye na zuba.

"Ana warkewa, da yardar Allah. Mu za mu kula da jikinta. Akwai kuma mai ba da shawara da za ta riƙa zama da ita. Amma ciwon nan kaɗaici yake so. Kada ku bar ta ita kaɗai da shi."

Sannan likita ta durƙusa a gaban Auta. "Kin yi kuskure da kika ɓoye. Amma ba ke kika sa mata ciwon ba. Yau kuma kin taimake ta ƙwarai."

Bayan wani lokaci aka sallamo Yaya. Gidan ya sake tsari. Da lokacin abinci ya yi, Mama kan rufe keke da ƙyalle, ko aikin wa ke kai. Baba ya roƙi a sauya masa lokacin aiki. Ya haura da wani tsohon tebur saman bene, aka riƙa ci tare.

Ma'aikaciyar jinya ta fara hawowa da kwanonta. Ita ce ta kafa doka: a wannan tebur ba a zancen ƙiba, ba a zancen rama, ba a leƙen kwanon wani. Mai burodi ma ya fara zuwa da matarsa, da burodi mai zafi a tire.

Abin bai zo da sauƙi ba. Wata rana Yaya ta ci, wata rana ta zauna tana kuka a kan abinci. Har yanzu kuma ba ta kula Auta.

A irin wannan rana ce mai burodi ya ajiye cokalinsa.

"'Yata, kin gan ni nan? Ina saurayi na yi wannan ciwon."

Yaya ta ɗago kai. "Kai, Kawu?"

"Ni ɗin nan. 'Yan wasan gudu nake bi a lokacin. Wata murya ta riƙa ce mini in na ci ba zan yi gudu ba. Har tafiya ta so ta gagare ni. Ba wanda ya san sunan abin. Wani abokina ne ya kai ni asibiti, ina zaginsa a hanya."

"Kun shirya daga baya?"

"Shi ne ya ba ni ƙanwarsa," in ji mai burodi, ya nuna matarsa da baki. "Kin ga ashe ramuwa ya yi!"

Matar ta kai masa duka da ƙyallen tire. Yaya ta yi 'yar dariya, gajeruwa, amma kowa ya ji ta.

Gwaggo ma ta zo. Ta zauna a bakin gadon Yaya, jikinta a sanyaye.

"Magana zarar bunu ce, 'yata. Na yi wasa da abin da ba na wasa ba. Ki yafe mini."

Yaya ta gyaɗa kai.

Wani yammaci manya suka sauka da kwanoni, aka bar su biyu. Sauran abinci kaɗan a gaban Yaya. Ta waiga, sannan ta turo shi gaban Auta a hankali.

Auta ta ɓoye hannuwanta a baya.

"A'a, Yaya. Ko za ki yi shekara ba ki yi mini magana ba, ba zan ci ba. Amma zan zauna da ke."

Yaya ta dubi kwanon. Can ta ce, "Tsoro nake ji, Auta."

"To, ki riƙa kallon sama kina ci. Kin ga wancan gajimaren? Bas ɗin Baba ce. Ga giwa a kujerar gaba, ta ƙi matsawa."

"Wannan ai kaza ce."

"Giwa ce, ta yi kwanan zaune ne."

Yaya ta ɗauki cokali. Kafin bas ɗin ta narke a sama, ta gama. Ta jingina kanta a kafaɗar Auta.

"Na ji haushinki sosai," ta ce. "Amma da kin yi shiru, ban san inda nake yanzu ba."

Duk mako Yaya kan je wani ɗaki a asibiti, inda masu irin ciwonta ke haɗuwa su yi hira da mai ba da shawara. Mama da Auta kan jira a baranda tare da sauran iyaye. Sannu a hankali fuskar Yaya ta washe. Ta koma makaranta. Ta daina tsayawa tana haki a kan bene.

Wata rana aka kawo wani sabon yaro. Ya toge a bakin ƙofa, ya ƙi shiga. Auta ta ga Yaya ta taso ta zo wurinsa.

"Ni ma a nan na tsaya ranar farko," in ji Yaya. "Zo, akwai kujera kusa da ni."

Yaron ya bi ta.

Da aka tashi, an yi yayyafi an ɗauke. Titi na sheƙi, ƙasa na ƙamshi. Suna tafiya, Mama a tsakiya, sai Yaya ta tsaya cak.

"Mama."

"Na'am? Jiri ne?"

"A'a. Yunwa nake ji."

Mama ta tsaya tana kallonta. Sai ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta kama hannun wannan, ta kama na wancan.

"To, me muke jira? Ku ɗaga ƙafa!"

Suka ruga gida suna tsallake ruwa.

Tun daga lokacin Auta ta gane cewa ba kowane sirri ake riƙewa ba. In ka ga ɗan'uwanka ko abokinka yana gudun abinci, yana ramewa, kada ka yi shiru, kada kuma ka yi masa dariya. Ka gaya wa babban da ka yarda da shi. Jikin mutum ba abin zolaya ba ne. Ciwon da aka ɓoye ƙaruwa yake yi, wanda aka taru a kansa kuwa yana samun sauƙi.