Idanun Marigayi Wybrand

A sana'armu ta zanen hoto sai mun ƙarce farantin tagulla ya yi baƙi ƙirin, sannan mu kankare wuraren haske da wuƙa har fuska ta fito. Hoton Wybrand, attajirin da ya nitse a kogin Amsterdam, saura idanu in gama shi, don gawarsa kawai na gani, idanu a rufe.

Da almuru wani ya shigo shagona, malafa ta rufe fuskarsa, takalmansa na ɗigar ruwa.

"Maigida Joost, har yaushe za ka bar mutum cikin duhu?"

"Bawan Allah, idon da ban taɓa gani ba, ƙirƙira zan yi?"

Ya ɗaga malafar. Ga gemun da na kankare jiya a kan farantin. Gurbin idanun kuwa baƙi ƙirin, mai kaushi.

"Ɗauko wuƙarka," ya ce, yana matsowa.