Takardar da Baffa Sabi'u Ya Yanke wa Kai

A ƙarƙashin matakalar bene, inda ake ajiye tukunyar gas da bokitin shara, nan Mujahida ke shimfiɗa tabarmarta tun da aka rushe gidansu na unguwar Nakkasa a garin Ɗakin Allah, mahaifinta ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Mahaifiyarta kuwa tun tana goye ta rasu. Ƙanen mahaifinta, Baffa Sabi'u, shi ya ɗauko ta zuwa gidansa na unguwar Rusaifa yana sharɓar kuka a gaban 'yan ta'aziyya, yana rantsuwar zai kula mata da shagon turaren ubanta da ke unguwar Ka'akiyya har ta girma. Hawayen ba su gama bushewa ba ya sauya wa shagon kwaɗo. Sauran shinkafar da 'ya'yansa suka jagwalgwala ita ce abincinta, wani lokaci har da ƙashin da aka tsotsa aka mayar cikin faranti...

Makaranta ce kaɗai wurin da take numfasawa. Ran nan malamarsu ta tarihi, Abla Hadil, ta ba su aikin gida: su bayyana dalilin da ya sa mutanen Faransa suka tuntsurar da sarautarsu. Mujahida ta zauna ta rubuta yadda yaƙe-yaƙe da almubazzarancin fada suka ƙarar da baitulmali, yadda aka jibga wa talakawa haraji manya suna shan inuwa, yadda burodi ya gagari mata har suka yi tattaki zuwa fada, daga ƙarshe aka sare kan sarkin.

A kwanakin ne dattawan dangi suka fara tuntuɓar Baffa Sabi'u maganar shagon, tunda yarinya ta kawo ƙarfi. Sai ya lalubi jakarta, ya zaro shafin da babu sunan Faransa a jikinsa, ya sa almakashi ya yanke saman da ke ɗauke da sunan makaranta da tambayar malama, ya kai wa 'yan sanda. Ya ce 'yar ɗan'uwansa na rubuta takardun tunzura jama'a a kan sarauta.

Da aka zo tafiya da ita Baffa Sabi'u yana zaune yana cin kabsa, dafa-dukar shinkafa da nama, maiƙo har gemu. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, aikin makaranta ne, wallahi kai ma ka sani."

Ya tsotse yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, ni ba na ajiye annoba a gidana. In an yi miki tarhil kya ƙarasa rubutun a can."

Tarhil... kora zuwa ƙasar kakanninta, wadda ba ta taɓa takawa ba, ba ta san kowa a cikinta ba! A ɗakin da aka tsare ta, ba tsoro ne ya fi cin ranta ba, ƙyama ce duk sa'ad da ta tuna bakin nan mai maiƙo yana kiran sunan ubanta. Ta kafa goshi a ƙasa tana kuka: "Ya Allah, a garin Ɗakinka ake yi mini wannan, Kai ne gatan maraya."

Da Abla Hadil ta ga kujerar yarinyar babu kowa, ta bi sawu har ta ji labari. Ta tattaro aikin sauran 'yan ajin, ta ɗauko ragowar shafukan daga jakar Mujahida, ta ajiye wa jami'in 'yan sanda a kan tebur. Ya sa aka kira Baffa Sabi'u, ya jera su tare da shafin da aka yanke, ya duba inda almakashi ya bi, ya ɗago ya dubi Baffa Sabi'u kamar ya ga mushe a bakin hanya.

"'Yar ɗan'uwanka," in ji shi. "Ta yi maka me?"

Bincike ya kai ga shagon, aka tarar Baffa Sabi'u ya kwaikwayi sa hannun mamaci ya mayar da komai hannunsa. Aka yanke masa ɗauri, in ya gama a fitar da shi daga ƙasar. Dattawa suka damƙa wa Mujahida mabuɗin shagon, Abla Hadil ta ba ta ɗaki a gidanta.

Ranar da za a wuce da shi ya hango ta, ya fashe da kuka yana miƙo hannu. "Mujahida, 'yata, ki dubi zumunci..."

Ta ja gefen abayarta don kada ya taɓa.

"Na bar ka da Allah, Baffa," ta ce a hankali. "Amma kada ka sake kirana 'yarka."