Kanwar da Ta Rasa Mai Saye

A wata makarantar firamare a Tudun Wada akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da ƙoƙari, amma ba ta ƙaunar a yi mata gyara.

Wata rana malaminsu, Malam Balarabe, ya ce kowa ya rubuto tsarin sana'ar da yake so. Me zai sayar? Wa zai saya? Ta yaya kaya za su kai ga mai saye?

Yarinyar ta cika shafi uku cur. Kantinta ba rumfa ba tebur. Za ta sayo kanwa ranar kasuwa, ta kai wa makiyaya har rugarsu.

Malam ya karanta, ya ce, "Dabarar ta yi kyau. Kin je kin tambaye su?"

"A'a, Malam. Ai kowa ya san shanu na shan kanwa."

"Je ki tambayo, sannan in ba ki maki."

Ran yarinyar ya ɓaci. Shafi uku fa! Buba ɗan ajinsu da ya rubuta layi biyar kan soya gyaɗa ya sami makinsa, ita kuwa a ce ta koma? Ta kumbura fuska har gida.

"Inna, Malam bai yi min adalci ba," in ji ta. "Sai na nuna masa."

Mahaifiyarta ta ce, "Tambaya kawai ya ce ki yi. Mene ne abin fushi?"

Ina! Ba ta saurara ba. Kaji biyu gare ta, waɗanda ta raina tun suna 'yan tsaki. Ranar kasuwa ta sayar da su, ta sayi kanwa cike da ƙwarya.

Ran Asabar ta ɗora ƙwaryar a ka, ta nufi ruga. Da ta isa, sai ta ji tsit. Ba saniya ko ɗaya, sai turaku da busasshen kashin shanu. Wata tsohuwa, Goggo Dije, tana zaune a inuwar bukka.

Yarinyar ta durƙusa. "Ina wuni, Goggo? Kanwa na kawo."

"Lafiya lau, 'yar nan. Wa zai sha? Samarinmu sun yi kudu da shanu neman ciyawa. Sai ruwa ya sauka za su dawo."

Hawaye ya cika wa yarinyar ido. "Na sayar da kajina! Ba wanda ya gaya min."

Goggo Dije ta ce, "Wa kika tambaya?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta. Can ta ce a hankali, "To Goggo, ku da kuka rage, me kuke bukata?"

"Yawwa. Ashana, sabulu, kananzir. Gwiwoyina ba sa kai ni kasuwa."

Yarinyar ta bi bukkoki shida tana tambaya, tana rubutawa. Ranar kasuwa mai kanwa ya yarda ya karɓi kayansa, amma da ragi. Da abin da ya saura ta sayi ashana da sabulu. Da ta kai, matan ruga suka saye tas.

Ran Litinin ta kai sabon tsari, shafi ɗaya tak. "Malam, ka yi haƙuri. Na tambayo."

Malam ya yi murmushi, ya ba ta maki mai kyau. Ya ce wa 'yan aji, "Kafin ku tsara sana'a, ku fara jin bakin waɗanda za su saya. Kuma in an yi muku gyara, ku saurara kafin ku yi fushi."